Jifa 130 da gwiwar hannun ɗana

Ranar Lahadi 22 ga Yuni 2025 yayana ya kira ni daga Maraɗi bayan sun yi sallar magariba. Mu a nan Greensboro rana ba ta daɗe da karkata ba, ina zaune gaban tele ni da ɗana muna kallon wasan ƙarshe na besbol ɗin jami'o'in Amurka. Ya ji ihu a bayana ya ce, "Har yanzu kana nan kan wasan sandan nan naku?" Na ce ina nan, Yaya. Ya ce to ajiye shi, magana gare shi. Ɗansa na uku ya ce daga jarrabawar BEPC ta bana ya gama da lakwal, ko ya ci ko ya faɗi, domin wani mutum ya gan shi yana buga balo ya ce zai iya fitar da shi waje idan an haɗa kuɗin hanya. Yaya ya ce, "Kai ne malami, kai ne a can. Gaya mini abin da zan ce masa."

Ban ba shi amsa a ranar ba. Yaron da ke zaune kusa da ni, mai shekara 17, kusan irin wannan maganar ya zo mini da ita makonni biyu kafin nan, ni ma ban gama sanin abin da zan ce masa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko ƴan'uwana malamai da iyaye su tsinci wani abu a ciki.

Shekara tara na yi ina riƙe da alli a wata makarantar firamare a jihar Maraɗi kafin Allah Ya kawo ni jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar muke da yawa. Wani abokin aikina a sito ne ya fara kai ni filin besbol. Ƙungiyar garin nan sunanta Grasshoppers, wato fara. Na yi dariya har ya tambaye ni dalili, na ce a garinmu soya su muke yi mu barbaɗa yaji. Ranar ban gane komai ba, mutane tsaye a fili kamar masu jiran mota. Sai da na koma sau huɗu ko biyar na fara ganin abin da ake yi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga shi a taƙaice. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana tsayawa kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ƴan kai, ya wurgo ƙwallo mai tauri kamar dutse. Gwanaye sukan kai gudun kilomita 160 a awa. Mai bugu yana jiran ta da kulki. Idan ya same ta, sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo gida, wannan shi ne maki ɗaya. Idan ya kuskure sau uku ya fita. In an fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu tsaro su zo bugu. Haka za a yi har turmi tara. Abin da ya fara kama ni a matsayina na malami shi ne lissafin. Wanda ya dace sau uku cikin goma gwani ne a wannan wasa. Tun 1941 da Ted Williams ya kai huɗu cikin goma a kaka guda, ba a sake samun wanda ya yi haka a babban rukuni ba. A ajina na da, yaron da ya samu uku bisa goma sai an kira ubansa.

Kakar manya tana farawa ƙarshen Maris, ƙungiya 30, kowace za ta buga wasa 162 kafin a shiga na fitar da zakara a Oktoba. Kusan kullum ana wasa, kamar zuwa gona. A 2025 akwai abin kallo. Aaron Judge na Yankees ya shigo watan Yuni yana dab da huɗu cikin goma ɗin nan, duk da cewa tun lokacin na ce wa ɗana ba zai riƙe ba, kaka ta yi tsawo. Colorado Rockies kuwa sun sha kashi a wasa 50 cikin 59 na farko, amma kullum sai sun sa riga sun fito, kuma akwai masu sayen tikiti su je su zauna. Ni Pittsburgh Pirates nake goya wa baya, domin ƙungiyar garinmu reshensu ce, a nan suke renon ƙananan ƴan wasansu. Goyon bayan Pirates aikin haƙuri ne. Suna da Paul Skenes, wanda a ganina babu mai jifa kamarsa a yau. Yakan hana abokan karawa wuce maki ɗaya ko biyu, amma ƴan bugunsa su kasa kawo masa ko da hakan, har a watan Yunin 2025 asarar da aka rubuta masa ta fi nasara yawa. Laifin na masu ƙungiyar ne da suka ƙi buɗe aljihu su sayo masa mataimaka.

Agogon da aka sa wa masu jifa tun 2023, daƙiƙa 15 idan babu kowa a zango, ina cikin waɗanda suka yi maraba da shi. Wasan da kan ci awa uku da ƴan mintuna ya dawo kamar awa biyu da minti 40. Tsofaffin ƴan kallo suna gunaguni wai an ɓata musu gado. Ni dai na san mai tashi aiki da asuba yanzu yana iya ganin ƙarshen wasa. Abin da ban saba da shi ba har yau shi ne kuɗin. Shohei Ohtani ya sa hannu da Dodgers kan dala miliyan 700 na shekara goma, Juan Soto ya zo ya wuce shi da miliyan 765 na shekara 15 a Mets. Dalar Amurka nake nufi, kada wani ya lissafa da dalarmu ta sefa biyar. Waɗannan lambobin su ne yara ke haddacewa, kuma su ne ɗana ya karanto mini ranar da ya zo da maganarsa.

Duk da haka, idan aka ce in zaɓa, wasan jami'o'i na fi so. Suna farawa tsakiyar Fabrairu cikin sanyi, makarantu kusan 300 a rukunin farko. A ƙarshen Mayu a tace 64, a yi ta sheƙewa har a samu takwas da za su tafi Omaha a jihar Nebraska, inda ake yin gasar ƙarshe tun 1950. Kulkinsu na ƙarfe ne, na manya kuwa na itace, don haka ko ido rufe ka san wasan ɗalibai ake yi, ƙarar daban take. Suna kuskure, suna jefar da ƙwallo inda babu kowa, suna kuka a fili idan an fitar da su. Yanayin yakan tuna mini da kokowar takobi, yadda gari guda ke tashi ya bi ɗansa. A 2025 wata ƙaramar jami'a daga Kentucky, Murray State, wadda filinta bai ɗaukar mutum dubu, ta ratso manya ta iso Omaha a karon farko, ta buga gaban mutum sama da dubu ashirin. Ranar 16 ga Yuni aka sallame su, kuma ta hanya mai ciwo: Gage Wood na Arkansas ya yi turmi tara bai bar ko mutum ɗaya ya yi bugu mai kyau ba, ya fitar da 19 da jifa kawai. Rabon da a ga irin haka a Omaha tun 1960.

Sai wasan farko na ƙarshe, daren Asabar 21 ga wata. Coastal Carolina, maƙwabtanmu na kudu, sun zo da nasara 26 a jere. Kade Anderson na LSU ya tsaya musu shi kaɗai daga farko har ƙarshe, aka tashi ɗaya da nema. Jifa 130 ya yi. Masu sharhi suna ta kirari, filin ya ɗauka, ɗana ya miƙe tsaye yana tafi. Ya juyo ya ce, "Baba, ka gani? Haka maza ke yi." Ni kuwa tun daga jifa na ɗari na daina jin daɗin wasan, idona na kan gwiwar hannun yaron nan, wadda an riga an yi wa aiki tun yana sakandare.

Dalilina ga shi. Bara da rani, ɗana yana da shekara 16, na kai shi wata gasar ƙarshen mako a wani gari, tafiyar awa uku. Ranar Asabar kocinsu ya bar shi a kan tudu har ya yi jifa 112. Na sani domin wata uwa da ke bayana tana ƙirgawa a takarda, ita ta gaya mini, fuskarta ba daɗi. Na ce mata yaron ƙarfi gare shi, jinin noma ne. Ranar Lahadi suka kai wasan ƙarshe, koci ya zo ya dafa shi ya ce ko zai iya ba su turmi biyu. Yaron ya waiwayo ya dube ni. Na ɗaga masa kai. Ina son kofin nan fiye da yadda shi yake so, ina son in tura hoto gida a ce ɗan mushe ya ci gasa a Amurka. A hanyar dawowa ya kasa buɗe gorar ruwa da hannun dama.

Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu ta ciki ta ji rauni amma ba ta tsinke ba. Ya hana shi jifa wata huɗu. Sannan ya tambaye ni, cikin ladabi, ko na san akwai ƙa'idar da hukumar besbol ta fitar don yara: mai shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a yini, kuma idan ya haura 75 sai ya huta kwana huɗu cur. Ban sani ba. Ni da na yi shekaru ina faɗa wa iyaye a Maraɗi cewa kada su ɗora wa yaro buhun da ya fi ƙarfinsa. Uwarsa ba ta ce mini komai ba a mota, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Da muka isa gida ta ce, "Malam, kocin nan ba shi ya haife shi ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Idan jijiyar ta tsinke, akwai aikin da ake yi, ana kiransa da sunan Tommy John, ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Ana ciro wata jijiya daga dantse ko ƙafa a ɗinka a madadinta, mutum ya yi shekara guda zuwa ɗaya da rabi kafin ya dawo. Da aikin manya ne, yanzu har ƴan sakandare ake yi wa. Ohtani da kansa sau biyu ana buɗe masa gwiwar hannu, kuma a ranar 16 ga Yunin nan da Wood ya yi bajintarsa ne shi ma ya sake hawa tudu bayan kusan shekara biyu, ya yi turmi ɗaya tak aka sauke shi. Mutumin da aka zuba wa miliyan 700 ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ɗalibi kuwa a bar shi ya yi 130, domin kocin ya san watan gobe yaron zai tafi, hannun ya zama matsalar wani. Ina son wasan jami'a, amma wannan aibinsa ne, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Tun daga lokacin na sayi ɗan littafi, kowane wasan ɗana ina zaune ina ja masa layi kamar mai auna hatsi. Idan ya kai adadi, in tashi in tsaya bakin waya inda koci zai gan ni. Yaron ya ce ina ba shi kunya. Na ce na yarda.

Maganar da ya zo da ita bana ita ce, shekararsa ta ƙarshe a sakandare da za ta fara a Agusta yana so ya rage darussa masu nauyi, ya ba horo lokaci, in kuma biya masa kuɗin wasu tarurruka inda masu farautar ƴan wasa ke zuwa kallo. Jami'a, in ji shi, ɓata shekara uku ce, domin dokar ita ce wanda ya shiga jami'a mai shekara huɗu ba a zaɓensa sai ya yi uku ko ya cika shekara 21. Na ce ya kawo littafin nan, mu yi lissafi.

Kowace babbar ƙungiya mutum 26 take riƙewa a lokaci guda. Sau 30, ya kama 780. Kujerun ke nan, kuma ba Amurkawa kaɗai ke neman su ba, akwai ƴan Dominika, Benezuwela, Kuba, Japan da sauransu. Zaɓen sababbin ƴan wasa da ake yi a watan Yuli zagaye 20 ne, mutum ɗari shida da ƴan kai a duk ƙasar da Kanada, mafi yawansu kuma daga jami'o'i. Wanda aka zaɓa ba babban fili za a kai shi ba. Akwai matakai huɗu a ƙarƙashi bayan na sababbin shiga, kuma mafi yawan waɗanda suka fara hawa ba sa kaiwa sama. Ƴan wasan Grasshoppers da muke tafa wa, kafin yarjejeniyar 2023 wajen dala 11,000 ake biyan irinsu a shekara. Yarjejeniyar ta ɗaga mafi ƙarancin zuwa 27,300. In ka juya shi sefa ya haura miliyan 15, a Maraɗi sai a ce ya yi arziki. A nan bai kai abin da nake samu ina ɗaga kwali a sito ba. Kuma ranar da hannu ya tafi, an sallame ka kana ɗan shekara 24, babu takarda.

Ya ce, "To Derek Jeter fa?" Yaron ya iya gardama, gadona ne. Gaskiya ne, Jeter yana da gurbin karatu a jami'ar Michigan amma ya karɓi kuɗin Yankees a 1992 daga sakandare. A nan garin ya buga a 1993, ya yi kuskure 56 a kaka ɗaya, aka yi haƙuri da shi har ya zama abin da ya zama. Na ce masa Jeter shi ne na shida da aka zaɓa a duk ƙasar a shekararsa, kuma dala 800,000 aka ajiye masa kafin ya taɓa ƙwallo. Ƙungiya ta yi haƙuri da shi ne saboda dukiyarta na jikinsa. Ranar da wani ya zo ƙofar gidan nan da irin wannan takarda, za mu zauna. Amma wanda ya ce mu ne za mu biya don a kalle ka, kasuwarsa yake ci. Na kuma tuna masa Skenes ɗin da ya manna hotonsa a ɗaki: da ya gama sakandare babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Ya yi shekara biyu a makarantar sojan sama, ya koma LSU, ya ci Omaha a 2023, aka zaɓe shi na ɗaya da dala miliyan 9.2. Shekaru ukun da ake cewa ɓata lokaci, a cikinsu aka ƙera shi.

Ban ce jami'a kyauta ba ce. Shekara da shekaru dokar ta ba kowace ƙungiyar besbol ta rukunin farko tallafin karatu 11.7 ne kawai, a yanyanka wa yara fiye da talatin, iyaye su cika sauran. Daga 1 ga Yuli 2025 tsarin ya sauya bayan hukuncin da kotu ta amince da shi a farkon Yunin shekarar: makarantun da suka shiga za su riƙe ƴan wasa 34, kuma suna iya ɗaukar nauyin kowa idan suna da hali. Masu kuɗi za su iya, ƙananan ba za su iya ba, kuma ina tsoron irin Murray State za su ƙara wuyar gani a Omaha. Ga yaro irin nawa, tallafin da ake bayarwa saboda makin aji ya fi na kulki tabbas. Shi ya sa ban yarda a taɓa darasin lissafi da na kimiyya ba.

Mun tsaya a kan haka: zai ci gaba da wasa, ni zan ci gaba da kai shi, zan biya taron kallo ɗaya, wanda wata jami'a ta shirya a filinta. Darussa suna nan yadda suke. Daga Nuwamba zuwa Janairu hannu zai huta. Bai ji daɗi ba, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ban tabbata ya yarda da ni ba har yanzu, ya dai bi.

Ran Laraba na kira Yaya. Na ce kada ya hana yaron balo, hani ba ya kashe irin wannan wuta, sai dai ya sa a ɓoye maka. Na ce ya zaunar da shi su ƙirga, da sunaye: a cikin yaran unguwa da suka fi shi iyawa shekara goma da suka wuce, nawa ne yau ke ci da ƙwallo, sauran kuma ina suke? Na ba shi labarin Jamhuriyar Dominika, inda duk manyan ƙungiyoyin nan suke da gidajen horo suna ɗaukar yara tun suna shekara 16. Ana nuna mana waɗanda suka iso, waɗanda aka mayar ƙauye ba karatu ba sana'a kuwa babu mai ɗaukar hotonsu. Na ce mutumin da ya nemi kuɗin hanya a tambaye shi sunan ƙungiyar da takardar gayyata, a kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta duba. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Yaya ya yi shiru, ya ce ai har ya fara tunanin sayar da filin da ke bayan gari. Na ce ya bari tukuna.

Ku malamai da ke da irin waɗannan yara a aji, kun san su, su ne masu zanen riga mai lamba a bayan kaye. Kada ku yi musu dariya. Ku sa burin nasu a allo ku yi lissafinsa tare, darasi ne mai kyau na kaso da rabawa. Mu iyaye kuma mu binciki zuciyarmu, domin ranar Lahadin nan ta bara ba ɗana ne ya ɗaga kai ba, ni ne.

LSU ce ta ɗauki kofin, biyar da uku, na takwas a tarihinta. A lokacin saura wata uku a kakar manya ta 2025, Pirates suna can ƙasan tebur inda suka saba. Ran Juma'a Fara suna gida, na sayi tikiti biyu. Ya ce zai zo idan na bar littafin a mota, na ce ai ba shi ke jifa ba. Allah Ya ba ƴan jarrabawar bana sa'a, Ya shirya mana zuri'a.